Yadda ake canza robar fistin a ƙaramar bindigar iska mai sifirin

In ƙaramar bindigarka ta iska ta fara rage ƙarfi, ka harba 'yar dalmar ta fita a sanyaye ko ma ta maƙale a bututu, kuma kana jin wani "ƙwas" mai kaushi kamar ƙarfe ya daki ƙarfe, to yawanci robar kan fistin ce ta mutu. Aikinta irin na fatar cikin famfon keke ne, ita ke tura iska gaba, in ta yage iskar sai ta zille ta baya. Tsofaffin bindigogin Diana 5 da Diana 6 na Jamus sun yi suna a wannan, robarsu in ta tsufa marmashewa take, har ka ga gutsattsarinta a ramin da iska ke fitowa.

Amma kafin ka kwance komai duba ƙaramar robar gindin bututu tukuna. Ɗora 'yar takarda mara nauyi a mahaɗar bututun da jikin bindigar ka harba da dalma a ciki, in takardar ta yi tsalle to nan iskar ke yoyo, ba sai ka buɗe ciki ba.

To in fistin ɗin ne, tabbatar ba a ɗane take ba kuma babu dalma a bututu. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki, musamman wajen kunama, saboda ƙananan filoli da sifirin ɗin wurin saurin rikita mutum gare su. Nan ne kuma nake roƙonka ɗan'uwa ka nutsu: babban sifirin ɗin ko ba a ɗana ba a matse yake a ciki, in ka cire murfin baya haka kawai zai iya yin tsalle ya same ka a ido. Sa tabarau, ka tokare murfin da abin matse katako na kafintoci, ka zare fil ko ka warware murfin, sannan ka riƙa sassautawa a hankali har ƙarfin ya ƙare. Kar fuskarka ta kasance saitin wurin ko kaɗan.

Zaro sifirin da fistin. Tsohuwar robar ka ɓamɓare ta da ƙaramar sukudireba, in ta fata ce galibi sukuru ke riƙe da ita a tsakiya. Goge cikin silinda, wato kogon da fistin ke tafiya a ciki, da tsumma da sipirit a kan sanda har tsumman ya fito fes.

Abin da mutane ke tsallakewa kuma shi ke kashe sabuwar roba tun ranar farko shi ne kaifin bakin tsagar da hannun ɗanawa ke bi. Shafa da yatsa za ka ji yana karta. Bi shi da samfefa mai laushi har kaifin ya mutu, ka sake gogewa sosai kar garin ƙarfe ya zauna ciki, don in ba haka ba kana tura fistin bakin nan zai yanke leɓen robar kuma ba za ka gani ba sai ka gama haɗawa ka ji ƙarfin bai dawo ba.

Sabuwar robar sa ta a ruwan zafi minti 2 zuwa 3 ta yi laushi, tsane ta, ka danna ta a kan fistin ta zauna daidai ko'ina, leɓen yana kallon gaba. Ta fata kuwa jiƙa ta ake da man fata ta kwana. Shafa giris mai moli (baƙin giris mai sinadarin molybdenum) kaɗan a gefen robar da jikin fistin, kaɗan fa, gaban robar kuwa a bar shi a bushe. Kar ka zuba man inji, matsin iska na kunna shi ya fashe a ciki ya ƙona robar, har sifirin yana iya karyewa.

Tura fistin a hankali, duk inda leɓen ya zo wajen tsaga ka danna shi ciki da ɗan tsinken katako. Ya kamata ya shiga da ɗan tauri amma hannu ya iya tura shi. Mayar da sifirin, matse, haɗa sauran bisa hotunanka.

Gwaji kullum da dalma a ciki kuma a saita inda babu kowa, harbin wofi yana buga fistin a bango ya lalata robar. Harbin farko-farko za ka iya ganin ɗan hayaƙi, in ya ci gaba da ƙara kamar ta albarushi to mai ya yi yawa, sake buɗewa ka goge.