Yadda Ake Zaɓar Na'urar Dafa Gahawa Domin Motar Kwana

Motar kwana, wato babbar motar nan mai gado da kicin da banɗaki wadda mutanen Amurka da Turai suke yawon buɗe ido a cikinta, gida ce sosai, sai dai wutarta da ruwanta da filinta duk a ƙididdige suke. Shi ya sa na'urar gahawar da take aiki lafiya lau a kicin ɗin gida take iya zama kaya a cikin mota. Wanda zai saya ya fara auna wutar da zai samu tukuna, sannan ya shiga kanti.

Mataki na farko shi ne ka san inda za ka riƙa kwana. Idan a sansanonin matafiya ne, inda ake jona mota da lantarki, to ka binciki ƙarfin wutar wurin. A Amurka ana ba da bolt 120 da amfiya 30 ko 50, kuma amfiya 30 ɗin tana ɗaukar wat 3,600, wanda ya ishi kowace na'urar gahawa muddin ba a haɗa ta da na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama abinci a lokaci guda ba. A Turai kuwa bolt 230 ne, amma akwai sansanonin da amfiya 6 kacal suke bayarwa, wato wat 1,380. Ƙaramar na'urar Nespresso ita kaɗai tana jan kusan wat 1,300, saboda haka idan firji yana kunne, wutar za ta ɗauke, ka tsinci kanka a waje cikin sanyin asuba kana laluben makunni a jikin turken lantarkin sansanin. Ana rubuta yawan wat ɗin kowace na'ura a ƙarƙashinta, sai ka kifa ta ka karanta kafin ka biya kuɗi.

Mataki na biyu ya shafi mai son kwana a daji ko bakin teku, inda batir mai bolt 12 da inbata, wato na'urar da take mayar da wutar batir irin ta gida, su ne kaɗai abin dogaro. Na'ura mai wat 1,200 tana fizgar sama da amfiya 100 daga batir. Wutar da take sha gaba ɗaya ba ta da yawa, tunda cikin minti biyu an gama, amma ƙarfin fizgar ne yake kayar da ƙaramin inbata, yake kuma zafafa sirarar waya. Mai wannan buri yana buƙatar inbata mai kimanin wat 2,000 wanda yake fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta gida, da waya mai kauri, da batir mai ƙarfi, zai fi kyau na litiyam. Amma na'urorin da ake jonawa a soket ɗin kunna sigari, ban ga amfaninsu ba. Fis ɗin wurin yawanci amfiya 10 ne ko 15, don haka rabin litar ruwa sai ya kai kusan minti 20 kafin ya yi zafi.

Mataki na uku shi ne ka tambayi kanka ko lantarkin ma ya zama dole, tunda kusan kowace motar kwana tana da murhun gas. Tukunyar moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933, tana ba da gahawa mai kauri cikin ƴan mintuna, kuma ko ta faɗo ƙasa ba ta fashewa. A kula dai, ta alminiyam ba ta aiki a kan murhun lantarki mai maganaɗisu. AeroPress, wadda Alan Adler ya ƙirƙira a 2005, na'urar matse gahawa da hannu ce ta roba marar nauyi, ta dace da mutum ɗaya ko biyu, amma za ta gajiyar da mai dafa wa mutum biyar. Babban iyali ya fi dacewa da mazurari da takardar tacewa, dabarar da Melitta Bentz ta kawo a Jamus a 1908: a ɗora mazurarin a bakin filas, a tsiyaya ruwan zafi a hankali, gahawar ta zauna da zafinta har hantsi. Duk lokacin da gas yake ci, a buɗe taga ko ƙofar iska ta rufi.

Na huɗu, ka duba ruwan da wanki zai ci. Tankin motocin Turai da dama bai wuce lita 100 ba, kuma daga shi ake wanka da girki. Tulun Faransa, wato wanda ake danna rariya a cikinsa don tace gahawa, yana ba da gahawa mai daɗi, sai dai guggubinsa yana manne wa gindi, ɗauraye shi yana cin ruwa, kuma idan ya bi magudana yana taruwa a tankin ruwan datti ya yi wari. AeroPress kuwa turo guggubin take yi a dunƙule kamar ƙosai ya faɗa kwandon shara, ita ma takardar tacewa ɗagawa kawai ake yi a jefar.

Daga ƙarshe ka ɗauki ma'auni ka gwada tsayi da zurfin kabad ɗin da na'urar za ta zauna, domin a hanya komai girgiza yake yi. Ka guji mai tulun gilashi, ka nemi na ƙarfe mai murfi. Kafin ka tayar da mota ka juye ruwan da ya rage a cikinta, ka naɗe ta da tawul, ka tabbata ƙofar kabad ɗin ta kama.