Yadda ake zama da mutane a ƙaramin ayarin yawon buɗe ido

Ayarin da bai wuce mutum goma ko goma sha biyu ba ya fi na babbar bas daɗin tafiya, amma ya fi shi bukatar kula. A cikin mutum hamsin kana iya ɓuya da halinka ba wanda ya sani. A ƙaramin ayari kuwa mota ɗaya ce, teburin cin abinci ɗaya, jagora ɗaya, kuma fuskokin da ka gani da safe su za ka gani da dare har a gama. Duk abin da ka yi sai ya taɓa wani. Ni dai a ganina kusan duk ladabin wannan tafiya daga nan ya taso: lokaci da wuri na kowa ne, abin da ka ɗiba fiye da rabonka daga na wani ka ɗiba.

Bari in fara da lokaci, don a nan aka fi ɓata wa juna rai. In jagora ya ce ƙarfe bakwai, yana nufin mota ta tashi ƙarfe bakwai, kowa yana zaune a ciki. Ba lokacin da za ka fito daga ɗaki kana neman inda ake ajiye makulli ba ne. Saboda haka ka haɗa jakarka tun da dare, ka biya abin da otal ke bin ka tun da dare, ka gyara agogon wayarka ya dace da na ƙasar da kake, ka shiga banɗaki kafin a kira. Mutane da yawa suna ɗauka minti goma ba komai ba ne, alhali wurare da dama yanzu da sa'a ake shigarsu. A fadar Alhambra da ke Granada a ƙasar Sifen, sashen fadojin Nasiriyawa, sarakunan Musulmi da suka mulki garin, yana da lokacin shiga rubuce a jikin tikiti, in ya wuce ba za a bar ka ka shiga ba. Machu Picchu a Peru ma tikitinsa da sa'ar shiga yake zuwa. Mutum ɗaya ya makara, sauran su rasa abin da suka ƙetare teku don su gani.

Na taɓa zama a mota ina kallon wani abokin tafiya ta taga, yana cikin shagon tsaraba yana cinikin mayafi. Injin mota a kunne, direba yana ɗan buga yatsu a sitiyari, wata dattijuwa a bayana tana duba agogo tana ajiyar zuciya. Ya fito da murmushi yana ɗaga leda, ya ce ya samu ragi. Ba wanda ya tanka masa. Daga ranar aka daina jiransa da fara'a, shi kuma bai gane dalili ba. In ka ga abin da ya burge ka kuma lokaci ya ƙure, tambayi jagora ko za a sake biyowa ta nan. Sau da yawa ya san inda za ka samu irinsa gobe.

Haka nan kada ka zame daga ayari ba tare da ka faɗa ba, ko da banɗaki za ka. Jagora ƙirga kai yake yi a kowace tsayawa, in ya ga babu ɗaya ba zai motsa ba. Ajiye lambarsa a waya tun ranar farko, ka ɗauki katin otal ka sa a aljihu. In ka ɓace, tsaya a wurin da aka rabu na ƙarshe ka kira, kada ka shiga yawon nemansu suna yawon nemanka.

Sai zaman mota. Kujerar gaba da ta gefen taga ba gadon kowa ba ne. A riƙa juyawa kullum, sai dai in akwai wanda tafiyar mota ke sa shi jiri ko amai, shi a bar masa gaba, kuma a bar masa da zuciya ɗaya. Kada ka ajiye jaka a kujera don kama wuri. Waya kuma a sa mata abin kunne. Ba kowa ke son jin saƙon muryar da aka turo maka ba. Turare mai ƙarfi a rufaffiyar mota yana tayar wa masu asma da ciwon kai, a rage. A gandun namun daji irin Serengeti a Tanzaniya ko Masai Mara a Kenya, inda ake ɗaga rufin mota a miƙe tsaye ana kallo, zaki a gefe ɗaya yake bayyana. In gefenka ne, ɗauki hotonka biyu uku ka matsa wa na bayanka. Ka yi ƙasa da murya, kuma kada ka matsa wa direba ya sauka daga hanya ya kusanci dabba. Shi za a ci tara, ba kai ba.

Da na ambaci direba: a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta masa hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a yawancin ranaku ba ya wuce awa 9 yana tuƙi. In ya ƙi ƙara tsayawa ko kewayawa wani wuri don kai, ba rowa yake yi ba. Gaishe shi da safe, ka san sunansa.

Abin da na fi so mutane su ɗauka da muhimmanci shi ne faɗin gaskiya game da lafiyarsu da ƙarfinsu, tun kafin a biya kuɗi. In takardar tafiya ta ce akwai hawan dutse na awa uku, kuma gwiwarka ba za ta ɗauka ba, faɗa. Birnin Kusko a Peru yana kan tudu mai tsayin kusan mita 3,400, iskar wurin tana wahalar da mai lafiya ma, balle mai ciwon zuciya. A gandun Volcanoes na Ruwanda, mutum 8 kacal ake bari su ziyarci iyalin goggon biri (gorilla) ɗaya a rana, awa ɗaya suke yi a wurinsu, kuma ana iya hana mai mura ko tari zuwa saboda birran suna kamuwa da cututtukan mutane. Wanda ya ɓoye tarinsa a irin wannan wuri ya cuci dabbobin, ya cuci abokan tafiya. Haka abincin da ba ka ci, maganin da kake sha, da lokacin da kake bukata na ibada: jagora zai iya tsara su in ya sani da wuri, amma ba a tsakiyar hanya ba. Su kuma masu sauri su tuna ayari da tafiyar na baya yake tafiya. Jira na bayan a kwanar hanya, kuma in ya iso a ba shi damar numfasawa, kada a tashi da zarar ya ƙaraso. Wannan ƙaramin abu yana ƙona rai matuƙa ga wanda ake yi wa.

Jagora ma'aikaci ne mai sana'a, ba yaron gidanka ba. Yana bayani, saurara, ko ka ja gefe in hirarka za ka yi. Yi tambaya, amma ka bar wa wasu su yi tasu. In ɗakinka bai yi ba ko wani abu ya ɓata maka rai, same shi a keɓe, a ranar, cikin natsuwa. Ƙorafi a teburin abinci gaban kowa ba ya gyara famfon wanka, sai dai ya dagula wa mutane dare. Batun tukwici kuma ka tambayi kamfanin tun farko, don ƙasashe sun bambanta: a Amurka ana sa ransa, a Japan ba al'adarsu ba ce.

Dokar wurin da aka kai ku ita ma hakkin ayari ce, domin in ɗaya ya karya, duka ake kallo. A ɗakin ibada na Sistin a Fadar Vatican ba a ɗaukar hoto, ana bukatar shiru, kafaɗa da gwiwa a rufe. A masallacin Sultan Ahmad na Istanbul ana cire takalmi, mata su rufe kai, kuma ana dakatar da masu ziyara lokacin salla. A cikin hubbaren Taj Mahal a Agra ma an hana hoto. Ko wurin bai shafi addininka ba, akwai waɗanda a wurinsu mai alfarma ne. Kafin ka ɗauki hoton mai sana'a a kasuwa, ko yaro, nemi izini. Abokan tafiyarka ma haka: kada ka ɗora hoton wani a Facebook sai ka tambaye shi, ba ka san wanda bai so a san inda yake ba.

In an haɗa ku ɗaki da wanda ba ka sani ba, ku yi magana tun daren farko: wa ke fara wanka, ƙarfe nawa ake kashe fitila, wa zai yi caji a ina. In kana minshari faɗa masa. Kuɗin da wani ya biya maka na shayi ko tasi, mayar masa a ranar ko da bai tambaya ba.

A hira, ka bar mutane su buɗe abin da suka ga dama. Albashi, siyasa, dalilin rashin aure ko rashin haihuwa, ba tambayoyin teburi ba ne. Ka lura da wanda ya zo shi kaɗai a cikin ma'aurata da abokai, ka matsar masa da kujera, ka ce mu je tare. In ya ce yau yana so ya huta shi ɗaya, ka karɓa ba tare da jin haushi ba, gobe ka sake gayyatarsa.