Idan ayu ya faɗa taru ko ruwa ya janye ya bar shi

Ayu dabbar bakin teku ce da manyan koguna, daga Sanagal har Angola, amma yana hawowa kogin Isa har ƙasarmu Nijar. A wajajen Yamai an fi samun matsala daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ruwa ya ja baya, ya makale a gurbi ko ya sarƙe a taru.

Da huhu yake numfashi. Yakan leƙo da hanci duk bayan ƴan mintoci, kuma taru da ya danne shi ƙasa zai kashe shi kafin a gama shawara. Saboda haka a fara da kai. Mutum biyu su ɗago tarun ta wajen kan har hancin ya fito, sannan a sa wuƙa, kaifinta na kallon waje, a yanke zaren da ya naɗe hannuwansa, a ƙare da wutsiya. Taru ana ɗinke shi, kada a tsaya jin tausayinsa. A bi jikin da hannu a cire duk guntun lailon, don wanda aka bari yakan ci nama har hannu ya ruɓe. Idan ƙugiyar mamari (doguwar igiyar kamun kifi mai ƙugiyoyi da yawa) ta nutse a jikinsa, a datse igiyar dab da ita, kada a fizge.

Kowa ya kauce wa wutsiya. Ayu ba ya cizo, amma babba yakan kai kilo 400, idan ya birkice yana iya karya ƙafar mutum. Ba a jansa ta hannu, ba a ɗaura masa igiya a wutsiya.

Wanda ruwa ya bari kuwa, a kira ma'aikatan ruwa da gandun daji tun kafin a taɓa shi. Kafin su iso a yi masa inuwa, a lulluɓe bayansa da jiƙaƙƙun buhuna, ana yayyafa ruwa, ban da lokacin da hancin ya buɗe. A kori taron ƴan kallo. Wajen ɗauka, a zura tamfol mai kauri ƙarƙashinsa, mutum goma ko fiye su kama gefe-gefe, yana kwance bisa cikinsa. A mota a shimfiɗa katifa. A sake shi inda ruwa ke da zurfi kuma akwai ciyawar burgu.

A duba ko akwai ɗa kusa. Uwa takan yi wajen shekara da ciki, ɗa guda take haifa, kuma yana shan nono fiye da shekara. In aka raba su, ɗan ba zai yi rai ba.

Za a samu mai raɗa maka kuɗin man ayu. Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe shi a Nijar, kuma tun 2013 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji da tsirrai a duniya, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.