Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen tsara dokar da kwamfuta za ta aiwatar

Yawancin sababbin masu tsara daftarin doka suna rubutu kamar wani magatakarda ne zai zauna da fayil yana auna kowace buƙata da hankalinsa. Alhali yau manhaja ce ke karɓar buƙatar, ta lissafa, ta yanke, kuma ita ba ta san "ai ka gane nufina" ba.

Mafi tsadar kuskure shi ne barin kalma ɗaya tana yawo da ma'ana daban-daban. Ɗauki "kuɗin shiga". Dokar haraji tana lissafa shi a shekara, dokar tallafi a wata ko mako biyu; wata ta haɗa da na miji ko mata, wata ba ta haɗa ba. Sai a ce wa masu gina manhaja su jawo bayanai daga hukumar haraji, su kuma su jawo abin da suka tarar. Ostareliya ta ɗanɗana kuɗarta a shirinta na ƙwato kuɗin tallafin da aka ce an biya mutane fiye da kima, wanda aka yi wa laƙabi da Robodebt. Dokar tallafi tana duban abin da mutum ya samu a kowane mako biyu, amma tsarin ya ɗauki kuɗin shekara ya raba gida 26 daidai wa daida, gida ɗaya ga kowane mako biyu. Wanda ya yi aikin wata uku ya zauna wata tara hannu rabbana, lissafi ya nuna shi da albashi duk shekara, aka aika masa takardar bashin da bai ci ba. Kwamitin binciken da ya miƙa rahotonsa a Yulin 2023 ya ce hanyar ta saɓa doka. A can ma dokar a fayyace take, bayanan ne ba su dace da ita ba. To ina ga dokar da ta bar kalmar a buɗe?

Ni dai ba na barin sharaɗi ya shiga daftari sai na rubuta amsa huɗu a gefensa: wace hukuma ke riƙe da bayanin, a wane ma'aunin lokaci, yaushe ake sabunta shi, sannan me za a yi idan babu shi ko ya saɓa da abin da mai buƙata ya faɗa.

Na biyu, cakuɗa lissafi da hukuncin ganin dama a sakin layi ɗaya. "Idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili", "cikin lokacin da ya dace": irin waɗannan suna da wurinsu, don akwai shari'o'in da sai mutum ya duba. Amma ku daina watsa su ko'ina saboda ƙyuyar yanke shawara! Duk inda kuka bar giɓi, mai rubuta manhaja ne zai cike shi, wato wanda ba a zaɓa ba ya yi dokar da majalisa ba ta taɓa gani ba. Ware sassan da inji zai lissafa daban, na ma'aikaci daban. Sannan a gwada daftarin da shari'o'in bakin iyaka kafin ya je majalisa: wanda ya cika shekara 18 ranar rufe rajista, wanda aka haifa 29 ga Fabrairu, "kwana 30" na aiki ne ko na kalanda, daga ranar aikawa ko ranar karɓa.

Denmark ta koyi wannan da tsada. Bayan dakatar da tsarinta na kwamfuta na karɓar basussuka, EFI, a 2015, jam'iyyun majalisarta suka amince a 2018 da ƙa'idoji 7 da ake auna sababbin daftarai da su, don a ga ko kwamfuta za ta iya aiwatar da su. Jamus ta fara irin wannan gwajin daftarai a Janairun 2023.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. "A rubuce, da sa hannu" yakan tilasta takarda ba da niyya ba. Faɗi abin da kake so, wato tabbatar da wane ne ya aiko. Kada ka ambaci sunan wata fasaha, za ta tsufa ta bar dokar. Kada ka nemi shaidar da gwamnati ta riga ta mallaka. Ba hukumar izinin jawo ta, tare da iyakar amfanin. Ranar fara aiki kuwa, a tambayi masu gina tsarin kafin a sa ta.

Duk hukuncin da inji ya yanke, dokar ta tanadi bayyana dalilinsa da hanyar kai ƙorafi gaban mutum, kamar yadda sashe na 22 na dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ya tanadi sa bakin ɗan Adam. A kuma rubuta wa'adin amsa ƙorafin da adadin kwanaki.