Yadda Ake Gyara Kayan Fata Na Hawan Babur Bayan Hunturu

A Turai da arewacin Amurka masu manyan babura kan jingine su tsawon lokacin sanyi, sai wajen Maris ko Afrilu su fito da su, a lokacin ne kuma suke duba rigar fata da safar hannu da takalmi. Mu a nan ba ƙanƙara ke hana mu hawa ba, amma iskar hunturu tana tsotse man da ke jikin fata, damina kuma ta zo da fumfuna, saboda haka tsakanin ƙarshen Fabrairu da saukar ruwan farko ne ya kamata a yi wannan aiki. Abin da ya fi kashe wa sababbin mahaya kaya shi ne gaggawar shafa mai a kan fatar da ba a wanke ba.

Da farko a zare kariyar kafaɗa da ta gwiwar hannu da ta baya, wato abubuwan da ake sawa cikin rigar don rage buguwa idan an faɗi, daga aljihunansu. Wadda ta ƙage ko ta tsage a sauya ta, kuma a nemi mai ɗauke da alamar ingancin Turai ta EN 1621-1 don kafaɗa da gwiwa, ko EN 1621-2 don baya. Idan shafin cikin rigar mai cirewa ne, a wanke shi daban da hannu.

Sai a kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, a bi layin ɗinki da ƙarƙashin wuya, domin a nan take maƙalewa. Bayan haka a jiƙa farin tsumma, a matse shi sosai, a ɗan goga masa sabulun fata ko sabulun jarirai, a riƙa gogewa sashe-sashe ana ɗauraye tsumman. Wuya da bakin hannu sun fi buƙatar haƙuri, saboda gishirin gumi a nan yake taruwa, shi ne kuma ke sa fata ta yi tauri. Garin sabulun wanki da fetur da kananzir kada su kusanci rigar. Idan an ga fumfuna, a haɗa ruwan kal da ruwa rabi da rabi, a fita da rigar waje a goge ta. Daga nan a rataye rigar a inuwa, inda iska ke kaɗawa, ta yini ta kwana. Wanda ya shanya ta a rana ko kusa da gawayi don ya yi sauri, zai same ta ta ƙanƙance ta bushe ƙayau.

Yanzu aka zo wurin da ake yin ɓarna. Tun a majema ake sa wa fata mai domin zarurrukanta su riƙa lanƙwasa ba tare da sun karye ba, kuma abin da ake so kawai shi ne a mayar mata da ɗan abin da ta rasa. Idan aka shafa mai a kan ƙura, ƙurar takan bi man ta shige ciki, ta riƙa cin fatar duk lokacin da aka lanƙwasa hannu. Idan kuma man ya yi yawa, fatar takan saki ta miƙe. Rigar babur ta ƙwarai fatar saniya ce mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4, an ɗinka ta ne ta kama jiki. Da zarar ta saki, kariyar gwiwar hannu za ta goce daga wurinta a daidai ranar da ake buƙatarta.

Baƙin mai da basilin da man gyaɗa da manja duk ba na fata ba ne. Na farkon biyu suna toshe ta su riƙe ƙura, na ƙarshen kuma suna yin ɗoyi su jawo ɓera. A sayi man fata irin su Lexol ko Nikwax, ko wani mai ɗauke da kakin zuma. Gaskiya suna da tsada tunda daga waje ake kawo su, amma ƙaramar kwalba ɗaya tana daɗewa, kuma ba ta kai kuɗin sabuwar riga ba. Wanda bai samu ba yana iya lallaɓawa da man kaɗanya kaɗan, sai dai ya sani yana duhunta launi.

A fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, kamar cikin bakin aljihu. Idan launi bai ɓaci ba, a lakuto kamar girman ƙwayar gyaɗa a tsumma, a murza shi a kewaye har ya ɓace, sannan a matsa gaba. Wannan ɗan lakucen ya ishi rabin hannun riga. A bar ta ta kwana, washegari a goge da busasshen tsumma. Idan aka dangwala yatsa aka ga maiƙo, an yi yawa, sai a ci gaba da gogewa. Riga mai ƙananan huji na shan iska, a bi hujin da tsinken sakace. Fata mai gashi-gashi ba a sa mata mai sam. Tafin safar hannu ma a bar shi haka, don kada ya riƙa santsi a kan totur da birki.

Sauran aikin ba shi da wuya. A goga wa zif kyandir. Ɗinkin da ya warware a kai wa baduku, irin na Ƙofar Wambai a Kano, a ce ya yi amfani da zaren nailan mai kauri, ya kuma bi tsofaffin huji. Takalmi a bi da shi kamar rigar, a duba ƙasansa ko ya fara ɗagawa. A mayar da kariya wurarenta, a rataye rigar a kan hanga mai faɗin kafaɗa, kada a naɗe ta, kada kuma a sa ta cikin leda.