Yadda za ka haɗa ofis a gida a Jos ba tare da ɓarnar kuɗi ba

Masu fara aiki daga gida sukan zuba kuɗinsu a kan tebur mai sheƙi da labule, sai a ɗauke wuta ƙarfe goma na safe aiki ya tsaya cak. Tsarin da ya fi shi ne ka fara da wuri, sai wuta, sai wajen zama. Kayan ado su jira.

Wurin ba sai ɗaki guda ba. Kusurwa mai ƙafa shida a tsaye da ƙafa biyar a kwance ta isa, muddin akwai soket a kusa kuma ba hanyar wucewar mutanen gida ba ce. Kafin ka yanke shawara, ɗauki waya ka gwada sabis ɗin MTN da Airtel da Glo a daidai wurin, da safe da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya hau. Jos gari ne na duwatsu, layin da ke gudu a Rayfield zai iya yin rarrafe a Unguwar Rogo, har ma ɗaki da ɗaki a gida ɗaya sukan bambanta. Ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, domin taron bidiyo yakan ci kusan gigabayit ɗaya a awa kuma ba ya haƙuri da yankewa. Taga ta kasance a gefenka. In tana gabanka haske zai kashe maka ido, in tana bayanka allo zai riƙa ƙyalli, masu ganinka a bidiyo kuma inuwa kawai za su gani. Bayanka ya zama bango, kada kyamara ta kalli ƙofar da ke shiga cikin gida, saboda sirrin iyali.

Maganar wuta ita ce mai tsawo, kuma da lissafi ake yin ta. Kwamfutar cinya tana jan wat 60 ko ƙasa da haka, ƙarin allo wat 25, na'urar intanet wat 10, ƙwan LED wat 10, cajin waya wat 15. Jimilla wat 120. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma in na ruwa ne rabi kawai za ka taɓa, don zuƙe shi ƙarƙaf yana kashe shi da wuri. Saura 1,200. Inbata kuma, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, tana cinye kusan kashi 15 cikin ɗari wajen juya wutar, sai ya rage maka wajen 1,000. Wannan awa takwas ke nan na aiki, daidai wa daida. Ka ƙara fanka mai wat 60, ba za ka kai awa shida ba. Batirin litiyam ya fi tsada, amma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 na cajinsa, ba a zuba masa ruwa, kuma ya fi daɗewa.

Inbata mai kVA ɗaya, wato ma'aunin ƙarfinta, ta wadatar da wannan kaya. Ka nemi mai fitar da wuta sumul irin ta NEPA, wadda masu sayarwa ke kira fiyo sayin. Mai arhar takan sa caja zafi, fanka kuma ta riƙa gurnani. Layin wutar ofis a ware shi daban. Abin da ya fi halaka batir a gidaje shi ne a bar soket ɗin inbata a buɗe ga kowa, sai wani ya jona dutsen guga ko hitar ruwa, abin da ke jan wat dubu zuwa sama. Firinta mai hoda ma haka take lokacin da take ɗumama, a bar ta sai an kawo wuta. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kama wuta idan yana caji, saboda haka a ajiye shi a inda iska ke ratsawa, a kan katako, a duba ruwansa duk wata biyu, a ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na famfo. Janareta kuwa a waje, nesa da taga. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari.

Daminar Jos da tsawa take zuwa, musamman farkonta da ƙarshenta. A sa mai gyaran wuta ya tabbatar gidan yana da sandar as, wato ƙarfen da aka binne a ƙasa don zubar da wutar da ta wuce kima, kuma soket ɗinka na haɗe da ita, don na'urar kare kaya daga hawan wuta ba ta da inda za ta zubar da shi in babu as. Duk da haka, in hadari ya haɗo da walƙiya, zare filogi ya fi kowace na'ura. Kada ka jona ekstenshan a kan ekstenshan, kuma duk wanda ka taɓa ka ji ya yi ɗumi, wayarsa siririya ce, a canza shi.

Tebur gara ka ba kafinta. A Kasuwar Katako za ka samu itace da masu aikin. Ka ba shi awo da inci, shi ya sani: tsawo ƙafa huɗu, faɗi ƙafa biyu, tashi daga ƙasa inci 29, kaurin saman inci uku bisa huɗu. Ya bar ƙarƙashi fili, ban da durowa a tsakiya da za ta danne cinya, ya huda rami a baya don wayoyi. Ka nace a kan busasshen katako, ɗanye yana lanƙwashewa da zarar hunturu ya shigo. Allon MDF, wanda ake yi da garin katako da aka matse, yana da kyan gani, amma ruwa na taɓa gefensa zai kumbura, ba ya komawa.

Kujera ce ake daidaitawa da tebur. In ka zauna, gwiwar hannu ta yi daidai da saman tebur, kafaɗu a sake, tafin ƙafa a ƙasa, tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa. In ƙafa tana lilo, sa ɗan akwati a ƙarƙashinta. Kujerar ofis ta gwanjo mai ƙwari ta fi sabuwa mai arha, sai dai ka zauna a kanta minti biyar a gaban mai kaya: in tana sauka da kanta, bututun iskarta ya mutu. Ƙaramin filo a ƙugu yana gyara kujerar da ba ta da tudu a baya. Saman allo ya zo daidai da ido, nisansa tsawon hannu guda. Kwamfutar cinya ba ta ba da wannan sai an ɗora ta a kan wani abu, ko tarin littattafai ne, an haɗa mata kibod da linzami daban. Ciwon wuya da ake ɗora wa matashin kwanciya, sau da yawa daga sunkuyon nan yake. Duk minti 30 zuwa 40 ka miƙe.

Daga Disamba zuwa Janairu sanyi kan shigo ta ƙafa, don haka shimfiɗa darduma mai kauri a ƙarƙashin tebur, ka sa safa. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki haɗari ne. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta har ta yi zafi ta rage gudu. Rufe ta da ƙyalle in ka tashi, kada ka ɗora ta a kan katifa ko filo. A watan Agusta kuma danshi ne abokin gaba: janye tebur daga bango kamar faɗin tafin hannu, takardu masu muhimmanci su shiga akwatin roba mai murfi.

Sauran aikin na baki ne. A wajenmu wanda aka gani a gida ana ɗauka ba ya komai, sai aike da baƙi. Ka zauna da mutanen gida ka faɗa musu awannin aikinka, misali daga tara zuwa azahar, sannan daga biyu da rabi zuwa la'asar, a san cewa in ƙofa na rufe ana taro ne. Baƙon da ya yi sallama a sauke shi a falo a ba shi ruwa, a ce masa kana fitowa in an kira salla.