Yadda Ake Tantance Shafin Intanet na Kamfani Kafin Neman Takardar Shaidar Kasuwanci Mai Amana

Kamfanin da ke neman takardar shaida irin ta B Corp, wadda ƙungiyar B Lab da aka kafa a Amurka a 2006 ke bayarwa, ana duba shi ne gaba ɗayansa: yadda ake tafiyar da shugabancinsa, yadda yake riƙe ma'aikatansa, yadda yake hulɗa da abokan cinikinsa, da irin tasirin da yake yi wa muhalli. A tsohon tsari kamfani yana buƙatar maki 80 daga cikin 200, amma a watan Afrilun 2025 ƙungiyar ta fitar da sababbin ƙa'idoji da suka yi watsi da tara maki, suka wajabta cika sharuɗɗa a fannoni bakwai, daga ciki har da adalci da tafiya da kowa, da haƙƙin ɗan Adam, da yaƙi da sauyin yanayi. Shafin intanet ɓangare ne kaɗan na wannan duka, sai dai shi ne ƙofar da mafi yawan jama'a ke bi su iske kamfani, kuma shi ne wurin da kowa zai iya gwada ikirarin kamfanin ba tare da ya nemi izini ba. Masu tantancewa hujja suke nema a rubuce, mai kwanan wata, don haka duk matakin da za a bi a nan, wajen duba sauƙin amfani da shafin ga masu buƙata ta musamman, da tafiyarsa da kowa, da tasirinsa ga muhalli, a bi shi da niyyar ajiye shaidarsa.

Mataki na farko: a zaɓi shafukan da za a duba da ma'aunin da za a yi amfani da shi

Ba sai an duba kowane shafi ba, musamman idan suna da yawa. A ɗauki shafin farko, da shafin tuntuɓa, da shafin neman aiki, da kowane fom da ake cikewa, da hanyar sayayya tun daga zaɓen kaya har zuwa biyan kuɗi, sannan a ƙara wasu 'yan shafuka da aka tsinto ba tare da zaɓe ba. A rubuta jerinsu da ranar da aka fara aikin.

Ma'aunin da duniya ta amince da shi wajen sauƙin amfani ga masu buƙata ta musamman shi ne WCAG, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ke fitarwa. Bugu na 2.0 ya fito a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 kuma a Oktoban 2023. Yana da matakai uku, A da AA da AAA, kuma AA shi ne wanda dokoki da kwangiloli suka fi ambata, saboda haka a kansa za a tsaya. Kamfanin da ke sayar wa mutanen Tarayyar Turai kaya ta intanet ya kamata ya san cewa dokar tarayyar kan wannan batu ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025, ko da yake ta sassauta wa ƙananan kamfanoni masu ma'aikata ƙasa da goma. A Najeriya kuma akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019.

Mataki na biyu: a fara da manhajojin bincike, amma kada a tsaya a kansu

Akwai manhajoji na kyauta da ke gano kurakurai cikin 'yan daƙiƙoƙi: WAVE ta cibiyar WebAIM, da axe ta kamfanin Deque, da Lighthouse da ke cikin Chrome. A gudanar da aƙalla biyu a kan kowane shafi, a adana sakamakon. Abubuwan da za su fi nunawa sanannu ne, domin binciken da WebAIM ke yi kowace shekara a kan shafukan farko guda miliyan ɗaya yana samun kuskure a fiye da kashi 94 cikin ɗari, kuma kusan kurakurai iri ɗaya ne ke maimaituwa: rubutun da launinsa ya saje da na bayansa, hotunan da ba a rubuta musu bayani ba, guraben fom marasa suna, da maɓallan da ba a faɗi aikinsu ba.

Haɗarin yana nan ne a lokacin da Lighthouse ta ba da maki 100 cikin 100, shugaban kamfani ya ga koren launi ya ɗauka aiki ya kammala. A 2017 sashen ayyukan intanet na gwamnatin Birtaniya ya gina shafi na gwaji da aka cusa wa matsaloli 143 da gangan, aka saki manhajojin bincike a kansa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ta gano rabin matsalolin. Manhaja tana iya ganin cewa hoto yana da bayani, amma ba za ta iya sanin cewa bayanin da aka rubuta shi ne "hoto na 47" ba.

Mataki na uku: gwaji da hannu

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi ya fi cin lokaci. Da farko a ajiye linzamin kwamfuta a gefe, a bi shafin da madannai kawai, ana danna Tab don matsawa gaba, ana danna Enter don buɗewa. Tambayoyin da za a riƙa yi su ne: shin ana ganin inda aka tsaya a kowane lokaci, shin tsarin tafiyar yana bin tsarin karatu, kuma idan wani akwati ya buɗe a tsakiyar allo ana iya rufe shi a fita? Sau da yawa sanarwar neman amincewa da tattara bayanai da ke tarbar baƙo a shafin farko ita ce tarko na farko, domin mai amfani da madannai yakan shiga cikinta ya kasa fita.

Daga nan a kunna manhajar da ke karanta allo da murya, irin wadda makafi ke amfani da ita. NVDA kyauta ce a kwamfutocin Windows, TalkBack tana cikin wayoyin Android, VoiceOver kuma tana cikin na'urorin Apple. A rage hasken allon ko a kawar da kai, a yi ƙoƙarin sayen abu ɗaya ko aika saƙo ɗaya ta hanyar saurare kaɗai. Wanda bai taɓa yin haka ba zai sha mamaki idan ya ji murya tana ta maimaita "maɓalli, maɓalli, maɓalli" ba tare da ta faɗi na mene ne ba. A kula da kanun rubutu, domin da su makaho ke tsallakawa daga sashe zuwa sashe, kamar yadda mai gani ke zazzaga ido a kan shafi. Idan an yi kanun da ƙara girman haruffa kawai ba tare da an yi musu alamar kanu a cikin lambobin shafin ba, wato rubutun umarnin kwamfuta da aka gina shi da su, to a wurinsa babu su.

Sauran abubuwan suna da adadi tsayayye, wanda ke sa rubuta su a rahoto ya yi sauƙi. Bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 a kan 1 ga rubutu na yau da kullum, da 3 a kan 1 ga manyan haruffa. Idan aka ninka girman rubutu zuwa kashi 200 cikin ɗari kada wani abu ya ɓace ko ya hau kan wani. Wurin da ake taɓawa da yatsa kada ya gaza fiksel 24, wato ɗigon allo 24, a tsaye da kwance, sai dai idan akwai isasshiyar tazara kewaye da shi. Kada wani abu ya riƙa walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya, saboda masu farfaɗiya. Bidiyo kuma yana buƙatar rubutun abin da ake faɗa saboda kurame, kuma rubutun da na'ura ta yi da kanta sai mutum ya bi shi ya gyara kafin a ƙirga shi. Haka nan kada launi kaɗai ya zama alamar kuskure a fom, domin kusan namiji ɗaya cikin sha biyu ba ya bambance wasu launuka, musamman ja da kore.

Duk da haka, mai gani da ya kunna NVDA na rabin sa'a bai zama makaho ba. A nemi mutanen da wannan ita ce rayuwarsu ta kullum, ta hannun ƙungiyoyinsu, a ba su ayyuka na gaske su yi a shafin, kuma a biya su kuɗin aikinsu kamar kowane ƙwararre. Kamfanin da ke neman shaidar adalci bai dace ya ci gumin nakasassu kyauta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na jama'ar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tasiri, saboda haka maganar ta shafi kasuwa ma, ba tausayi kaɗai ba.

Mataki na huɗu: a duba wa shafin ya ɗauka shi ne baƙonsa

Tafiya da kowa ba ta da ma'auni mai lamba irin na WCAG, sai dai karatu da lura. A duba fom: shin yana karɓar suna mai alamar ɗauri kamar Sa'adatu ko Mu'azu, ko kuwa yana cewa an shigar da harafin da bai halatta ba? Shin yana tilasta lambar gidan waya ga mutumin da unguwarsa ba ta amfani da ita? Shin yana tambayar jinsi ko ranar haihuwa alhali cinikin ba ya buƙatarsu? Tambayar da ba ta da amfani a cire ta, wanda hakan ya dace da dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda ta nemi kada a tara bayanan da suka wuce buƙata.

Idan shafin yana da sashen Hausa, akwai abubuwa biyu da ake yawan mantawa. Na farko, a sanya alamar harshe "ha" a cikin lambobin shafin, domin na'ura ta san ba Turanci ne a gabanta ba. Na biyu, a tabbatar nau'in haruffan da aka zaɓa yana ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, in ba haka ba za su fito a matsayin akwatuna ko su bambanta da sauran haruffa, ko kuma marubuci ya gaji ya daina sa su, har "ƙasa" ta koma "kasa". A karanta fassarar kanta da idon ɗan harshe, domin fassarar na'ura da ba a gyara ba tana nuna wa mai karatu cewa ba a damu da shi ba. A duba hotuna ma: su waye ake nunawa a matsayin ƙwararru, su waye kuma ake nunawa a matsayin masu karɓar taimako?

Mataki na biyar: a auna nauyin shafin da wutar da yake ci

Kowace buɗewar shafi tana cin wutar lantarki a cibiyar ajiye bayanai, da hanyoyin sadarwa, da wayar mai karatu. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin ajiye bayanai sun ci kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya a 2024. Ana iya saka adireshin shafi a Website Carbon Calculator na kamfanin Wholegrain Digital da ke Landan, ko Ecograder na kamfanin Mightybytes da ke Chicago, waɗanda dukansu biyu kamfanonin B Corp ne, a samu ƙiyasin hayaƙin kabon na kowace ziyara. A rubuta shi a rahoto da sunan ƙiyasi, domin daga yawan bayanan da aka aika ake lissafa shi, ba daga mitar wuta ba.

Abin da ake iya aunawa kai tsaye shi ne nauyi. Matsakaicin shafi a yau ya haura megabait biyu, kuma hotuna da lambobin JavaScript, masu sarrafa ayyukan shafi, ne suka fi cika shi. A mayar da hotuna tsarin WebP ko AVIF masu ƙarancin nauyi, a rage su zuwa girman da ake nuna su, a hana bidiyo kunna kansa, a rage nau'o'in haruffa, a kuma cire manhajojin bin sawun baƙi waɗanda babu mai duba rahotonsu. A nan ne kare muhalli da tafiya da kowa suke haɗuwa, domin shafin da ya yi nauyi shi ne wanda ke cinye datar mai ƙaramar waya a Gusau ko Maraɗi kafin ya gama buɗewa. A gwada shi a waya mai araha da sabis mai rauni, ba a kwamfutar ofis ba. Sannan a bincika a rumbun bayanan gidauniyar Green Web Foundation don sanin ko kamfanin da ke ajiye shafin yana amfani da makamashi mai sabuntuwa, a nemi shaidarsa a rubuce.

Mataki na shida: rahoto, gyara, da sanarwa

Kowace matsala a rubuta ta da shafin da take, da hotonta, da sharaɗin da ta saɓa, da wanda take cutarwa, da wanda aka ɗora wa gyaranta, da ranar da za a kammala. A jera su bisa illa, ta yadda abin da ke hana mutum biyan kuɗi ko neman aiki zai zo gaban abin da ke ɓata masa rai kawai. A guji kamfanonin da ke tallan ƙaramar manhaja da ake maƙalawa a shafi wai ta gyara komai da kanta, domin ba ta taɓa asalin lambobin, kuma makafi da dama sun koka cewa tana ƙara dagula musu aiki.

Bayan gyara a sake bin matakai na biyu zuwa na biyar a kan shafukan nan dai, don a samu adadi na kafin da na bayan. Daga ƙarshe a wallafa sanarwa a shafin, wadda za ta faɗi ma'aunin da aka bi, da ranar bincike, da abin da har yanzu bai gyaru ba, da adireshin da za a kai koke. Kada a rubuta "shafi mai kare muhalli" idan babu lissafin da zai tsaya masa. Tun da takardar B Corp tana buƙatar sabuntawa, kuma kowane sabon hoto ko fom yana iya dawo da tsohuwar matsala, a sanya binciken a kalandar kamfani sau ɗaya a shekara da kuma bayan kowane babban sauyi, a ajiye rahotannin duka a wuri ɗaya da sunan ma'aikacin da ke kula da su.